Yadda Dogo Ya Shanye Littafin Dabo

A zamanin da ake cefane da wuri, tun fatake na ratsa ƙasar Gozaki da jakuna, an yi wani mutum a ƙauyen Rafin Ɗinya ana ce masa Dogo. Allah ya ba shi tsawo, ya ba shi faɗin ƙirji, ya ba shi baki kamar na maroƙi, amma ya hana shi son sunkuyawa. In kana so ka ga ɓacin ran Dogo ba sai ka zage shi ba, miƙa masa fartanya kawai. 'Yar gonarsa ma matarsa Hajo ce ke lallaɓa 'yan'uwanta su nome, shi kuwa yana gindin ceɗiya yana ba samari labarin yadda ake kashe zaki.

To, al'adar garin ita ce, duk damina in hatsi ya isa noma, mai gari Maitama yakan kira gayya a gandunsa, kowane namiji mai lafiya ya fito da fartanyarsa. Masu rawanin sana'a kaɗai aka ɗauke wa, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da Sarkin Makaɗa. Su waɗannan sai su zauna da mai gari a inuwar ɗorawa, su ake fara miƙa wa fura. Shekara da shekaru Dogo na zille wa gayyar nan. Bana ciwon baya, baɗi gaisuwar mutuwa a garin da ba wanda ya san sunansa. Har mai gari ya gaji, ya sa aka yi shela cewa bana duk wanda bai fito ba, in ba likkafani ne ya hana shi ba, to ya nemi wani garin.

Dogo ya ga abin ba wasa. Ya duba ya ga mafita ɗaya ce, ya samu rawani kafin ranar gayya. Ya je maƙera, zafin wuta ya koro shi. Ya gwada aski, ya tsarge wa wani bawan Allah kunne. Ya roƙi aron ganga, bugu uku ya fasa ta.

Ana cikin haka ranar kasuwar Malumfashi ya ci karo da wani falke da ya fito daga Kano, yana riƙe da gafaka cike da takardu warwatse, rubutun Larabci ne da zanen hannaye da yatsu. Falken ya ce wurin wani Balarabe ya samo, littafin dabo ne na mutanen Masar, wanda ya san abin da ke ciki sai ya haɗiye zobe ya ciro shi a kunnen wani, ya yanka rawani ya mayar da shi kamar ba a taɓa ba. Dogo bai tsaya ciniki ba. Bunsurun da ya jawo zai sayar, shi ya miƙa, ya rungume gafaka ya juyo gida yana cewa a ransa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Wani mai hankali da sai ya fara sanin abin da ke cikin littafin. Dogo kuwa ƙofar mai gari ya zarce, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, garin nan akwai Sarkin Aska, akwai Sarkin Makaɗa, amma babu Sarkin Dabo. Abin kunya ne gari kamar wanga."

Maitama dattijo ne mai son raha, kuma ya san Dogo tun yana yawo ba wando. Ya ce, "To wa ka samo mana?"

"Ga shi gabanka a durƙushe. Ni nan da kake gani, ranka ya daɗe, a ba ni rawani in datse shi biyu a gaban jama'a, in hura mashi iska ya koma ɗaya. Ko zare ba za a ga ya motsa ba."

Mai gari ya sa aka ɗauko wani farin rawani sabo ful, wanda surukinsa ya kawo masa tsaraba, ko sau ɗaya bai naɗa ba. Ya ce, "Ka ga wannan? Ranar gayya, in an tashi shan fura, shi za ka yanka. In ka mayar da shi, da shi zan naɗa ka, ka shigo inuwa ka zauna. Ka yarda?"

"Ranka ya daɗe, a fara share mani wurin zama."

Sai bayan nan Dogo ya tuna karatunsa bai wuce na salla ba. Ya kwashi gafaka ya nufi zauren Malam Aƙilu, limamin garin. Malam ya baje takardun a buzu, ya jera su, ya fara karantawa yana fassarawa. Ashe kowane babi kashi biyu ne, na farko abin da 'yan kallo za su gani, na biyu yadda ake yi. Da Malam ya karanta na farko sai Dogo ya tafa hannu don daɗi, ya ce, "Wuce, Malam, wuce na gaba." Haka suka wuce zobe, suka wuce ƙwai a hula, suka iso rawani.

Malam ya ɗaga kai ya ce, "Dogo, kana ta sa ni tsallake inda maganar take. Ka ga, ba aljani a littafin nan, ba tsafi. Duk aikin yatsu ne da ɓoye abu a tafin hannu. Mai littafin ya ce a yi ta maimaitawa safe da yamma, rani da damina, har hannu ya fi ido sauri."

Fuskar Dogo ta canja. "Safe da yamma? Wato aiki ke nan?"

"Aiki kuwa, ja."

Dogo ya sosa ƙeya. Ya yi gudun gara ga shi a ƙofar gidan zago. Amma nan da nan wata dabara ta faɗo masa, ya matso ya rage murya. "Malam, mu bar wahalar da juna. Rubuta mani shi a allo in wanke in sha."

"Ba a shan wannan. Ba addu'a ba ce, sana'a ce. Ka taɓa ganin wanda ya sha ƙira ya zama maƙeri?"

"Don ba a taɓa rubuta ƙira ba ne, Malam."

"Dogo, ka ji tsoron Allah ka zauna in karanta maka rabin da ka tsallake."

Dogo ya tattara takardunsa ya fita yana murmushin wanda ya gano lagon mutum. Shi a ganinsa hassada ce kawai irin ta masu ilimi. Ciwon kai a sha rubutu, neman farin jini a sha rubutu, mace na naƙuda a ba ta rubutu, sai yau da aka zo kan nasa za a ce rubutu ba ya shiga ta ciki? Kuma da ya ƙara tunani sai ya ga ƙin da Malam ya yi ma alheri ne. Me zai yi da abin da aka kwafa a allo, alhali ga uwar a hannunsa?

Ya isa gida ya ce wa Hajo ta kawo babbar ƙwarya da ruwa. Ya riƙa tsoma takardun ɗaya bayan ɗaya yana cuɗawa, tawada na narkewa, hannayen da aka zana suna ɓacewa, har ruwan ya koma baƙi ƙirin. Hajo ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallo.

"Maigida, bunsuru guda ka jiƙa a ƙwarya?"

"Ke dai ki shirya zama matar sarki."

"Matar sarki da miya ba nama."

Ya ɗaga ƙwarya ya shanye tas. Ya dubi dagwalon takardar da ya kwanta a ƙasa, ya ji tsoron kada asirin ya maƙale a ciki, ya sa ta dama masa shi da kunun tsamiya ya tura. Kwana biyu cikinsa na ƙugi kamar hadari ya taso daga gabas, yana zarya tsakanin ɗaki da bayan gida. Duk fitowar da zai yi sai ya ce wa Hajo babi-babi ne ke neman wurin zama. Ita kuwa ta ce ita dai a ganinta fita suke yi.

Da ya samu sauƙi ya fito gindin ceɗiya, harshe baƙi, ido ya faɗa, amma baki na nan daram. A nan ya tarar da Mati, taubashinsa, wanda ba shi da aikin da ya fi masa daɗi a duniya kamar tsokanar Dogo.

"A'a, ga littafi mai tafiya da ƙafa! An ce in an buɗe bakinka har babi na bakwai ana hangowa."

"Yi dariya da kyau, talakana. Kawo zoben nan na hannunka ka ga ikon Allah."

Mati ya zare zoben azurfarsa ya miƙa. Dogo ya ɗaga shi sama kowa ya gani, kamar yadda ya ji a rabin farko, ya jefa a baki, ya runtse ido ya haɗiye. Ya buɗe baki, wayam. Ya buɗe hannaye, wayam. Mutane suka yi salati, wasu yara suka ja da baya. Dogo ya ji kansa ya yi girma har yana neman taɓa reshe.

"Yanzu kuma ku dubi kunnen Mati!"

Ya kama kunnen Mati ya laluba, ba komai. Ya koma ɗayan ya zura yatsa har Mati ya yi ƙara. Ya juya shi, ya karkata masa kai ya bubbuga kamar mai zazzage ludayi.

"Kai, sake ni! Ina zobena?"

"Yana hanya. Abin daga Masar yake, ba ya son gaggawa."

"Wace hanya ya biyo?"

Dogo ya dafa ciki. "Gobe da safe dai in Allah ya yarda zai iso."

Mati ya dube shi, ya dubi inda ya dafa, sai ya fashe da dariya har da faɗuwa ƙasa. "Na bar maka! Wallahi na bar maka gado tun ina da rai. In ya iso kada ka kawo mani, ko a kunne ko a hannu."

Da wani ne, da ya ɗauki wannan a matsayin gargaɗi. Dogo kuwa lissafin da ya yi shi ne rabin dabo ya riga ya zauna, tunda zobe ya ɓace kowa ya shaida. Saura rabi. Ya yanke shawarar gwada babin ƙwai a inda ba a san shi sosai ba, wato kasuwar Malumfashi. Abin da ya ji a bakin Malam shi ne, a fasa ƙwai a hular mutum, a kifa masa a kai, a ɗaga, sai ga ɗan tsako, hula kuma a bushe. Don ya rage wa asirin nisan tafiya, sai ya zaro ƙwai daga ƙarƙashin kazar Hajo mai kwanci, wai tsakon ya riga ya kusa. Bai san ya zaɓo wanda ya daɗe da ruɓewa ba.

A kasuwa ya tara jama'a da kururuwa, ya nemi mai ƙarfin hali ya ba da hula. Wanda ya fito wani mahauci ne ana ce masa Shitu, gajere kakkaura, ɗan dambe, sanye da sabuwar hula. Dogo ya fasa ƙwai a ciki. Warin da ya tashi ya sa na gaba-gaba suka toshe hanci, amma Dogo ya ce ƙamshin asiri ne, ya ɗaga hula ya kifa wa Shitu ya danna da kyau.

"Ku yi shiru ku ji kukan tsako!"

Aka yi tsit. Abin da aka gani shi ne wani ruwa kore-kore yana gangarowa ta goshin Shitu, ya bi gefen hanci, ya shige gemu. Shitu ya sa yatsa ya shafo, ya shinshina, ya dubi Dogo. Sai ya fara naɗe hannun riga. A ranar ne tsawon ƙafar Dogo ya yi masa rana. Ya tsallake tallan daddawa, ya ture buhun barkono, ya ratsa ta cikin turken jakuna, mahauta na biye da shi da karnukan kasuwa, bai tsaya ba sai da ya ga rumbunan Rafin Ɗinya.

Hajo ta tarbe shi da ruwa da magana. "Maigida, gayya jibi ce. Ka je ka faɗi gaban mai gari ka ce shaiɗan ne. Yini ɗaya na noma bai taɓa kashe kowa ba."

"Ba ki gane ba. Sa'ad da mahaucin nan ya naɗe riga na ga kambu a damtsensa, layu kamar 'ya'yan goruba. Makari gare shi! Shi Mati ma ai akwai laya a wuyansa. Ba asirina ba ne ke da aibi, mutane ne ke tare mashi hanya."

Malam Aƙilu ma ya aiko a gaya masa ba a fafe gora ranar tafiya. Dogo ya ce a gaya wa Malam ya gode, in an naɗa shi ba zai manta da shi ba.

Ranar gayya gandun mai gari ya cika maƙil. Mutanen gari, da na ƙauyuka, da Maguzawan bayan dutse da manyan fartanyoyinsu, ganga na tashi, ƙasa na juyawa. Dogo ya iso cikin aron babbar riga, hannu ba fartanya sai almakashin da ya karɓo wurin maɗinki. Da rana ta take aka sauke ƙoren fura, mai gari ya sa aka yi da'ira, aka kawo farin rawani aka warware shi, yana ɗaukar ido.

Dogo ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, sharaɗi guda. Duk mai laya ko guru ko kambu ya cire ya kai bayan waccan kuka. Ba na son a ce daga baya wani ya tare mani aiki."

Aka yi ta gunaguni, wani tsohon Bamaguje ya ce shi tun yana saurayi bai taɓa kwance gurunsa ba. Amma mai gari ya ce a yi masa yadda yake so, shi ma ya zaro tasa daga cikin hula. Layu suka taru tsibi guda a bayan kuka. Mati ya kai tasa ya dawo yana cewa, "Ku shaida, jama'a, yau ba mai makari. Yau daga shi sai littafinsa."

Dogo ya ninka rawani biyu, ya ɗaga sama, ya sa almakashi a tsakiya. Ƙyas! Ya nuna wa gabas guntu, ya nuna wa yamma guntu. Ya haɗa bakin biyun ya dunƙule a hannu, ya hura iska, ya buga cikinsa sau uku don ya tashi babin, ya ja.

Hannun dama ya tafi da rabi, na hagu ya tafi da rabi.

"Bai ji ba ne," in ji Dogo. "Yankan bai kai mashi ba." Ya sake ninkawa ya datsa, ya hura har jijiyar wuyansa ta fito. Guntaye huɗu. Gumi ya fara keto masa.

Mati ya ce, "Ƙara dai, taubashi. In ka dage kowa zai samu na ɗaure yatsa."

Ya ƙara kuwa. Ya yanka ya tofa, ya yanka ya taka da ƙafa, ya tura guntayen cikin riga ya goga su a cibiya don su ji ɗumin littafi, ya zaro su suna nan yadda suke, sai dai sun yi dauɗa. Dariya ta fara daga wajen mata masu fura, ta bi samari, ta kai har Sarkin Maƙera na share hawaye. Mai gari ne kaɗai bai yi ba, yana kallon tsarabar surukinsa tana zuba ƙasa kamar ganyen rimi.

Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Dogo ya waiga ya hango Malam Aƙilu, ya rarrafa wurinsa, ya yi ƙasa da murya, amma wurin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Malam, don girman Allah, bayan an yanka me littafin ya ce?"

"Ina zan sani, Dogo? Nan ne ka ce in wuce. Littafin yana cikinka, tambaye shi."

Wurin ya sake ɓarkewa. Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Dogo ya zube gaban mai gari, guntayen rawani a hannu. "Ranka ya daɗe, tuba nake. Halan ranar ce ba ta da sa'a."

Maitama ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Ka ce za ka mayar da rawani. Ni ban ƙaryata ka ba, za ka mayar. Ka ga sauran can da ke gefen rafi, filin da aka daɗe ba a noma ba? Daga gobe naka ne. Lokacin shukar auduga bai wuce ba. Ka sassabe, ka huɗe, ka shuka, ka nome, ka tsince, ka kai a kaɗa, ka kai masaƙa. Ranar da ka kawo mani rawani mai tsawon wanga, mun rabu lafiya. Amma yau gayya muke. Ku ba shi fartanya."

Mati ya miƙa masa tasa da hannu biyu, har da rusunawa. Aka tsayar da Dogo a bakin kunyar da ta fi kowace tsawo, makaɗa suka zagayo bayansa suka saki ganga. Ya dubi inuwar ɗorawa, ya dubi rana, ya tuɓe rigar aro, ya sunkuya. Bayansa ya yi wata ƙara kamar an karya kara. Ya kai sara, ya kai na biyu, haushi da kunya suka tura shi, sai ga ciyawa na tashi, ƙato na tafiya.

Ba wanda ya koma aiki. Tsofaffi suka matso suna dogara sanda, mata suka bar ƙoren fura, aka ɗora yara a kafaɗa don su gani su ba da labari. Maguzawa suka manta da layunsu a bayan kuka. Jama'a suka bi shi a baya har ya kai ƙarshen kunya ya miƙe yana haki.

Mai gari ya girgiza kai, ya ce, "Kai, Dogo! Wallahi da da wannan dabon ka fara, da tuni na naɗa ka."